Copula: Kurakuran da Ɗaliban Nahawu da Mantiƙi Suka Fi Yi da Yadda Nake Gyara Su

Duk lokacin da duba takardun ɗalibai ya zo, sai in tarar da kurakurai iri guda a kan kalma guda, wato copula, kamar masu fita suna bar wa masu shigowa gado. Kalmar tana cikin littattafan nahawu, tana kuma cikin na mantiƙi, amma galibin masu amfani da ita sun haddace cewa ita ce sunan da ake kiran "is" na Ingilishi, daga nan suka rufe littafi. Na gaji da jan layi da jan biro a gefen takarda, shi ya sa na tara abin da nake ta maimaitawa a wuri guda. Yawancin kurakuran tushensu ɗaya: ana ɗaukar copula a matsayin wata kalma takamaimai da dole a nemo takwararta a kowane harshe, alhali sunan wani aiki ce da ake yi a cikin jimla, wato ɗaure abin da ake magana a kai da abin da aka faɗa a kansa, kuma kowane harshe da hanyar da yake bi wajen yin wannan ɗauri.

Na farko ƙarami ne, kuma na furuci ne. Wanda ya saba da rubutun boko yana ganin harafin c sai ya karanta shi kamar na "ciki" ko "cokali". A Latin, c ɗin da ya zo kafin o sautin k gare shi, saboda haka "kopula" ake cewa, da jan wasalin farko, jam'inta kuma copulae.

Kuskuren tarihi ya fi wannan nauyi. Da yawa suna rubuta cewa Aristotil, wanda malaman zaure suka sani da Arisɗo, shi ya ƙirƙiro kalmar, ko kuma masana nahawun Rumawa. Aristotil da Girkanci ya yi rubutu, ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin da ya faɗa a littafinsa na bayanin jimla shi ne cewa estin, wato takwarar est ta Latin da "is" na Ingilishi, tana shigowa a matsayin abu na uku da ake ƙarawa a kan biyun farko. Bai sa mata suna na musamman ba. Su kuwa Rumawa sun san kalmar copula, amma a matsayin kayan aiki. An gina ta daga co-, mai nufin tare, da tsohon aikatau apere, mai nufin ɗaurewa, wanda daga gare shi aka sami aptus, abin da ya dace ko ya zauna daidai. Mawaƙi Ovid ya yi amfani da ita wajen igiyar da ake kwance wa karnuka idan za a sake su farauta, Julius Caesar kuma, a labarin yaƙinsa na ruwa da mutanen Veneti a shekara ta 56 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira ƙugiyoyin da ake maƙalo jirgin abokan gaba da su da wannan suna. Daga ita ce Faransanci ya sami couple, wato biyu da aka haɗa. Priscian, wanda ya koyar da nahawun Latin a Kustantiniya wajen shekara ta 500, ya kira sum, aikatau ɗin da est take cikin siffofinsa, da suna verbum substantivum. Sai a ƙarni na 12, a makarantun Faransa, kalmar ta zauna a matsayin sunan ɓangaren jimla, kuma yawancin masana tarihin fannin suna jingina wannan ga Peter Abelard, wanda ya rayu daga 1079 zuwa 1142. Tsakaninsa da Aristotil akwai fiye da shekara 1400.

Wannan tarihi yana da amfani fiye da cika takardar jarrabawa, domin yana nuna cewa kalmar daga mantiƙi ta shiga nahawu. Masu mantiƙin wancan zamani suna son kowace magana ta rabu kashi uku, subiectum (abin da ake magana a kai) da copula da praedicatum (abin da aka faɗa a kansa), don ƙiyasi ya yi musu sauƙin aunawa, har ya kai idan suka ga Socrates currit, Sokaratis yana gudu, sai su warware ta zuwa Socrates est currens. Wannan tsari ne da aka ƙera don aiki. Ɗalibin da ya ɗauka cewa haka kowane harshe yake gina jimlarsa zai yi ta neman kashi uku inda babu su, idan bai samu ba ya ƙirƙiro.

Akwai masu fassara copula da "mahaɗi". Wannan ya ci karo da kalmomi irin su "da" da "kuma", waɗanda nahawun Hausa ya riga ya ba wannan suna. Ruɗanin tsoho ne, domin Donatus, malamin nahawu na ƙarni na 4, ya kira et da atque da -que, takwarorin "da" da "kuma" a Latin, da suna coniunctiones copulativae. Amma "Audu da Bala" ba magana ce da za a gaskata ko a ƙaryata ba, "Audu malami ne" kuwa ana iya gaskata ta ko a ƙaryata. Abin da ya raba su ke nan.

Sai batun "ne" da "ce". Kusan kowace shekara sai wani ya rubuta cewa su ne aikatau na kasancewa a Hausa, don kawai ya ga suna faɗowa inda est take faɗowa a fassara. A duba yadda est take sauyawa: sum, es, est, sumus, estis, sunt a yanzu, eram a da, ero a nan gaba. Tana ɗauke da mutum, da adadi, da lokaci, kamar kowane aikatau na harshen. "Ne" da "ce" ba sa ɗaukar lamirin lokaci. Babu mai cewa "Audu ya ne malami" ko "za ta ce malama" da wannan nufi. Abin da suke bi jinsi ne da adadi: "ne" ga namiji da jam'i, "ce" ga tamace. Karin sautinsu kishiyar na gaɓar da ta gabace su ne, shi ya sa "ne" ke hawa a "doki ne" yake sauka a "jaki ne". Korewarsu ma dabam take, ana cewa "Audu ba malami ba ne", a wajen aikatau kuwa "Audu bai zo ba". A karin harshen Sakkwato da Gobir da Adar "na" da "ta" ake ji a gurbinsu, abin da ke nuna danginsu su ne alamomin jinsi na harshen. Masana nahawun Hausa sun kira su "dirka", sunan itacen da ake tokare abu da shi don ya tsaya, kuma sun yi daidai da suka ba su suna nasu maimakon cusa su cikin aikatau. Idan ɗalibi yana son ya ce dirka tana yin aikin copula a wasu jimloli, ban da ja. Idan ya ce aikatau ce, sai in sa shi ya jera mini ita a shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa, kuma har yau ban ga wanda ya wuce layin farko ba.

Wannan kuskure na aji shi ya haifi annobar "kasance" da ta cika rubutun Hausa na zamani, musamman wanda aka fassaro. Mai fassara ya ga aikatau a jimlar asali, zuciyarsa ba ta kwanta da ɗan ƙaramin "ne" ba, sai ya lalubo aikatau ko ta halin ƙaƙa, ya rubuta "wane ya kasance ɗan siyasa ne a Najeriya" game da mutumin da yake raye yana kan kujerarsa. Bahaushen da ya ji haka zai tambaya ko mutumin ya rasu ne, ko ya bar siyasa. Na ga an rubuta "gishiri ya kasance yana narkewa a cikin ruwa", kamar akwai ranar da ya fara ko ranar da zai daina. Wannan ba ƙwarewa ba ce, ragwanci ne da aka yi wa ado, kuma abin takaici shi ne yara masu tasowa suna karanta irin wannan suna zaton ita ce Hausar masu ilimi. "Kasance" tana da gurbinta na halal: a umarni da fata, kamar "ka kasance mai gaskiya" ko "Allah ya sa ya kasance alheri", da inda ake nufin yadda al'amari ya juya ya zama, kamar "sai ya kasance ba kowa a gidan". Al'adata ita ce, idan aka kawo mini rubutu, in soke kowace "kasance" tukuna, in karanta jimlar da ƙarfi, sannan in mayar da wadda jimla ta rushe saboda rashinta. Kaɗan ne suke komawa. Wasu abokan aikina suna ganin na tsananta, amma ban ga rubutun da wannan ya lalata ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na gurbin da ake ajiye dirka, domin shi ne ya taɓa cin mini kuɗi da mutunci. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta kawo mini dokokinta a mayar da su Hausa don a karanta wa 'yan ƙungiya a taro. Aikin ya yi yawa, na raba shi da wani matashi mai koyon fassara a hannuna. A takardar asali an nuna cewa ma'aji ɗaya ne daga cikin masu sa hannu kafin a cire kuɗi. Shi kuwa ya rubuta: "Ma'aji ne mai sa hannu a takardar cire kuɗi." Da aka karanta a taro, ma'aji ya riƙe ta Hausa ya ce doka ta ba shi shi kaɗai, shugaba da sakatare suka riƙe ta Turanci, aka yi ta cacar baki har dattawa suka shiga tsakani. Aka dawo mini da aikin, cikon kuɗina ya bi ruwa, labari kuma ya zaga kasuwa da sunana a kai, ba da sunan yaron ba. Da ya rubuta "Ma'aji mai sa hannu ne", ko mafi kyau "Ma'aji yana cikin masu sa hannu", da babu abin da ya faru. Kalmomin duka iri ɗaya ne, "ne" kawai ya matsa daga ƙarshe zuwa tsakiya.

Ku masu koyo, ku daina ɗaukar wannan a matsayin salon magana da mutum zai zaɓi wanda ya yi masa daɗi. "Audu malami ne" tana saka Audu cikin jinsin malamai, ba ta hana Bala zama malami ba. "Audu ne malami" ko "Audu shi ne malamin" tana keɓe shi a cikin waɗanda ake magana a kansu, tana fitar da sauran. Latin ba shi da wannan sauƙi, domin ba shi da kalmar da ke bambanta sananne da wanda ba a sani ba, saboda haka Socrates est philosophus tana iya ɗaukar ma'anonin biyu. A 1892 Gottlob Frege, malamin lissafi a Jena ta ƙasar Jamus, ya zauna ya rarrabe su dalla-dalla, da misalin tauraron asuba da tauraron maraice, waɗanda abu guda ne mai kewaya rana, wanda Larabawa ke kira Zuhura. Mu ma muna da sunayen biyu. "Gamzaki shi ne Zara" magana ce ta zama abu ɗaya, ana iya juya ta a ce "Zara ita ce Gamzaki" ba a yi asarar komai ba. "Gamzaki mai haske ne" kuwa sifantawa ce, ba ta juyuwa, domin ba kowane mai haske ne Gamzaki ba. Bertrand Russell, masanin mantiƙi ɗan Birtaniya, ya rubuta a 1919 cewa abin kunya ne ga 'yan Adam su riƙa amfani da kalma guda wajen waɗannan ma'anoni biyu. Hausa ba ta cikin wannan zargi, sai dai idan mai rubutu ya jawo mata shi da sakacinsa.

Gwajin da nake yi wa kowace jimla mai dirka a takardar doka ko yarjejeniya shi ne in juya ta, in ga ko ta tsaya. Wannan ma tsohon darasi ne. Littattafan mantiƙi na ƙarni na 13 sun yi wa nau'o'in jimla huɗu laƙabi da A, E, I, O, daga wasulan affirmo, ina tabbatarwa, da nego, ina korewa. "Babu jakin da yake tsuntsu" tana juyuwa kai tsaye, abin da suka kira conversio simplex. "Kowane jaki dabba ne" ba ta juyuwa sai an rage mata ƙarfi, a ce "wasu dabbobi jakuna ne", wato conversio per accidens. Wanda ya karanta Sullam na Al-Akhdari a zaure ya san wannan a babin aksu. Mai mantuwa da shi ne yake gina ƙiyasi irin wannan: ɓarawo mai yawon dare ne, Tanko mai yawon dare ne, saboda haka Tanko ɓarawo ne. Ya ɗauki "ne" na farko kamar alamar daidaito ta lissafi, ya manta da mai gadi da mai kiran sallar asuba.

Kuskure na gaba shi ne haɗa ɗauri da samuwa. Est tana da wani aiki inda take tsayawa ita kaɗai, kamar Socrates est, ma'ana akwai Sokaratis. Masu mantiƙin Latin sun kira wannan secundum adiacens, aikin ɗauri kuma tertium adiacens, kuma na ɗaurin ne kawai copula. Aristotil da kansa ya yi gargaɗi cewa faɗin "Homer mawaƙi ne" bai wajabta cewa Homer yana nan ba. A Hausa kalmomin ma dabam suke: "dodo abin tsoro ne" ba ta nufin "akwai dodo". Duk da haka na sha ganin an fassara cogito, ergo sum na René Descartes, masanin falsafa Bafaranshe, wadda ta fara fitowa da Faransanci a 1637 kafin ta fito da wannan lafazi na Latin a 1644, da "ina tunani, saboda haka ni ne". Kai ne wa? "Ni ne" amsar mai ƙwanƙwasa ƙofa ce. Abin da mutumin yake nufi shi ne "saboda haka akwai ni", wato samuwarsa ta tabbata. Ɗaliban nahawun Larabci sun fi saurin gane wannan idan na tuna musu da kana naƙisa, mai bukatar habari, da kana tamma, mai wadatuwa da fa'ilinta ta ba da ma'anar samuwa ko aukuwa. Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya gina hujja mai tsawo a kan wannan bambanci a 1781, inda ya ce samuwa ba sifa ba ce da ake ƙara wa ma'anar abu: kuɗi ɗari na zahiri da ɗari na cikin tunani adadinsu ɗaya, bambancin yana ga aljihun mai su.

Daga nan wasu sukan zarce su ce harshen da ba shi da aikatau irin est yana da naƙasu wajen tunani. Wannan magana ba ta da tushe. Larabci yana cewa Zaidun alimun da mubtada'i da habari kawai, Rashanci ma yana barin gurbin fayau a lokacin yanzu, Latin ɗin kansa yakan yar da est, kamar a maganar Cicero, omnia praeclara rara, duk abu mai daraja ƙaranci gare shi. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya tattauna wannan tun kafin a haifi Abelard: ya lura cewa Girkanci da Farisanci suna da kalma ta musamman, Larabci ba shi da ita, sai masu mantiƙi suka ɗauki huwa ko maujud suka ɗora musu aikin, suka kira ta rabiɗa, tsakanin maudu'i da mahmuli, wato subiectum da praedicatum. Jimlar da aka ambaci rabiɗa a cikinta suka ce mai uku ce, wadda aka bar ta a ɓoye mai biyu, kuma ba su ce ɗayar ta fi ɗayar inganci ba. Hausa ta rarraba aikin ne ga hannaye da yawa: dirka ga jinsi da sifa, "yana" ga wuri da hali mai wucewa, "akwai" ga samuwa, "zama" ga sauyi. Bambancin "Audu mai fushi ne" da "Audu yana fushi" shi ne kusan abin da Sifaniyanci yake yi da ser da estar, na biyun daga stare na Latin, wato tsayawa.

Korewa ma tana da tarkonta. Homo non est iustus, mutum ba adali ba ne, ta kore ɗaurin, homo est non iustus kuwa, mutum mara adalci ne, ta tabbatar da ɗauri da sifa korarriya. Masu mantiƙin Larabci suna kiran ta farko saliba, ta biyu ma'adula. "Dutse ba mai gani ba ne" gaskiya ce, "dutse makaho ne" kuwa shirme ne, domin makanta sai ga abin da aka halitta don ya gani. Haka "ba duka ɗalibai ne malalata ba" da "duka ɗaliban ba malalata ba ne" maganganu biyu ne, kuma ta farkon ba yabo ba ce.

Sauran ƙanana ne. Praedicatum daga praedicare take, wato shelantawa ko faɗin abu a kan abu, ba daga praedicere mai nufin faɗin abin da zai faru ba. Harafi guda ya raba su, kuma masu gaggawa suna haɗa su. Subiectum tana nufin abin da aka shimfiɗa a ƙasa don a ɗora magana a kansa, fassarar da Boethius, Barumen da ya fassara mantiƙin Aristotil zuwa Latin, wanda aka kashe wajen 524, ya tabbatar wa kalmar Girkanci hypokeimenon, saboda haka kiran Audu "aikau" a "Audu malami ne" yana bukatar hattara, tun da babu aikin da ya aikata. A darasin mantiƙi "maudu'i" nake cewa. Idan jinsin ɓangarorin biyu ya saɓa, ana jin "jaki dabba ne" ana kuma jin "jaki dabba ce". Ni ina bin abin da ake magana a kai, idan kunnena ya ƙi sai in sake ginin jimlar gaba ɗaya. Wanda kuma ya je neman bayani ya ci karo da copula a littafin ƙididdiga, ya sani cewa wannan aro ne na dabam da masanin lissafi Abe Sklar ya yi a 1959 don wata dabarar haɗa ma'aunan yiwuwa, kuma kada ya kwafo mini ma'anarta a takardar nahawu kamar yadda wani ya taɓa yi.